Karayar Jari da Lissafin da Ba a Yi Ba: Duba Daga Jalingo

A 'yan shekarun nan wata magana ta zama ruwan dare a tarukan horar da matasa sana'a da ake shiryawa a Jalingo da sauran biranen Arewa, wato cewa faɗuwa a kasuwanci makaranta ce, kuma wanda bai taɓa karyewa ba bai fara sanin kasuwa ba tukuna. Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen matashin da ya gama karatu ya rasa aikin gwamnati, amma idan aka auna ta da abin da ya gudana a Jihar Taraba tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Gongola, za a tarar ba ta cika mudu ba. Da faɗuwa kaɗai tana koyarwa, da Taraba ta yaye gwanayen kasuwanci masu yawan gaske, domin masana'antu da gonakin da aka buɗe da kiɗa da tambura aka kuma rufe su shiru ba su da wuyar ƙirgawa a jihar. Abin da ke koyarwa shi ne lissafin da aka zauna aka yi bayan faɗuwar, kuma wannan lissafi ba ya amfanar mai shi sai idan asarar ta tsaya iyakar abin da zai iya ɗauka ya sake miƙewa.

Ya kamata a fara da rarrabe kalmomin da 'yan kasuwa da kansu suke rarrabewa, ko da yake masu jawabi a taro sukan cakuɗa su. Faɗuwa ita ce a sayar da kaya ƙasa da yadda aka saro su, ko kayan su yi kwantai, wato su daɗe a shago babu mai taya su har darajarsu ta ragu, kuma wannan abu ne da kowane ɗan kasuwa yake gamuwa da shi sau da yawa a shekara ba tare da ya rufe shago ba. Karaya kuwa, ko karayar jari, ita ce asarar ta ci riba ta wuce ta cinye uwar kuɗi, wato ainihin jarin da ake juyawa, har mutum ya kasa sake saro kaya ko biyan waɗanda suke bin sa bashi. Gwaji shi ne abu na uku, kuma ma'anarsa a nan ita ce mutum ya ware wani kaso na jarinsa da gangan, wanda ya san ko ya salwanta ba zai taɓa uwar kuɗi ba, ya jarraba sabon kaya ko sabuwar kasuwa ko sabuwar hanyar sayarwa da shi domin ya sami amsar wata tambaya takamaimai. Faɗuwar da ta biyo bayan gwaji kuɗin makaranta ce da aka biya da sani. Karaya sau da yawa ba ta barin ɗalibin da zai yi amfani da darasin.

Maganar yabon faɗuwa ta samo asali ne daga duniyar kamfanonin fasahar kwamfuta da intanet na Jihar Kaliforniya a Amurka, kuma a can tana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu da ba kasafai masu kwaso ta suke ambata ba. Na farko shi ne dokar taƙaita alhaki, wadda Ingila ta kafa irinta tun 1855, da ke raba dukiyar kamfani da dukiyar mai shi, ta yadda idan kamfani ya rushe masu bin bashi ba za su taɓa gidan mai kamfanin ko gonarsa ba. Na biyu shi ne samuwar masu zuba jarin kasada, wato attajiran da ke raba kuɗinsu a kan sababbin kamfanoni masu yawa, suna sane da cewa mafi yawansu za su mutu, da fatan ɗaya ko biyu su yi ribar da za ta rufe asarar sauran. Matashin da ya buɗe shago a Sabon Gari ko Magami ko Mayo Gwoi ba ya cikin wannan inuwa, domin jarinsa yakan fito ne daga saniyar da mahaifinsa ya sayar a kasuwar Iware, ko kwasar adashin mahaifiyarsa, ko kuɗin sallamar wani ɗan'uwa da ya yi ritaya, kuma idan jarin ya nutse zumunci ne yake nutsewa tare da shi. Gaya wa irin wannan matashi ya faɗi da wuri domin ya koya, ba tare da an nuna masa yadda zai taƙaita girman faɗuwar ba, sakaci ne da aka yi wa ado da kalmomin ƙarfafa gwiwa.

Abin mamaki shi ne al'ummar nan tana da nata tsoffin hanyoyin taƙaita faɗuwa, waɗanda suka girmi duk wata takardar horo. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Masarautar Muri kamar yadda ake karanta shi a Kano da Sakkwato, akwai babin ƙiradi, wato yarjejeniyar da wani zai ba da jari wani kuma ya ba da ƙarfinsa da basirarsa, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, idan kuma asara ta faru ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai jari ne ke ɗaukar asarar kuɗi, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa kawai. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci. Haka nan tsarin ubangida da yaron shago, wanda 'yan kasuwar Hausawa da na Ibo duka suke bi a babbar kasuwar Jalingo kowa da irin salonsa, ba komai ba ne illa wurin da yaro zai yi kurakuransa na farko da kuɗin wani, a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi yin su, kafin a sallame shi da jarin kansa. Waɗannan hanyoyi suna da nasu aibobi, domin akwai iyayen gidan da ke tsawaita shekarun hidima su kuma ƙi sallama, amma hikimar da ke cikinsu ita ce kuskuren mai koyo ba ya zama ajalin sana'arsa.

Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Taraba sun bi akasin wannan hikima, kuma misali mafi girma shi ne na Gassol. A 2012 aka rattaba hannu a kan yarjejeniya tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnatin Taraba da wani kamfanin Amurka mai suna Dominion Farms, mallakar Calvin Burgess na Jihar Oklahoma, domin noman shinkafa a kan fili mai faɗin hekta 30,000, da jarin da aka ce zai kai dala miliyan 40. Filin yana cikin yankin da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama take kula da shi, kuma ƙananan manoma sun daɗe suna noma a cikinsa, suna kiwo, suna kamun kifi. A shekarar ce ambaliya ta mamaye garuruwan gaɓar Binuwai, kuma a ranar 25 ga Oktoba Gwamna Danbaba Suntai ya yi hatsarin jirgin sama kusa da Yola, abin da ya jefa jihar cikin rikicin shugabanci na tsawon lokaci. A farkon 2015 wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin manoma na gida da waje suka fitar da rahoton da ya ce ana raba mutanen Gassol da gonakinsu ba tare da an tuntuɓe su ko an biya su diyya ba. Daga ƙarshe kamfanin ya janye, shinkafar da aka alkawarta ba ta shiga buhu ba, kowane ɓangare kuma ya ɗora laifin a kan ɗan'uwansa.

Abin lura a wannan labari shi ne darasin yana nan a rubuce tun kafin a sa hannu, sai dai ba a karanta shi ba. Kamfanin ya riga ya shafe shekaru yana noma a fadamar Yala da ke yammacin Kenya, inda ya sha takun-saƙa da mazauna wurin a kan ƙasa da ruwa, kuma can ma ya tattara ya bar wurin a 2017. Da an fara da hekta ɗari biyar, tare da manoman da aka tarar a wurin a matsayin abokan aiki, da damina biyu sun isa su nuna ko hanya tana biyuwa da manyan motoci a watan Agusta, ko madatsun ruwa suna jure ambaliya, ko mutanen gari sun yarda. Hekta 30,000 ba gwaji ba ce, caca ce, kuma waɗanda aka yi cacar da abincinsu ba su ne suka zauna a teburin ba.

Misali na biyu yana cikin Jalingo kanta. A wa'adin farko na Gwamna Darius Ishaku, wanda ya hau mulki a 2015, gwamnatin jiha ta kafa gonar rumfa da taimakon ƙwararru daga Isra'ila, wato noman kayan lambu a cikin manyan rumfunan da aka lulluɓe, inda ake ɗiga wa kowane tsiro ruwa da taki gwargwadon buƙatarsa, ana kuma kare shi daga ƙwari da tsananin rana. An noma kokwamba da tattasai da latas masu kyan gani, kuma babu mai musun cewa ta fuskar fasahar noma aikin ya nuna abin da ƙasar Taraba za ta iya. Matsalar tana wajen kasuwa, domin mai sayen irin wannan kaya da tsadar da za ta mayar da kuɗin da aka kashe yana manyan kantuna da otal-otal na Abuja da Legas, kayan kuwa ɗanye ne da ba ya jira, tsakanin Jalingo da Abuja kuma tafiyar yini ce a mota a kan hanyar da direbobi suka san halinta. Matar gida a Jalingo da za ta yi miya tana da tumatir da attaruhun 'yan fadama a kusa da ita a kan farashin da ta saba. Jama'a sun laƙaba wa wurin gonar kokwamba cikin zolaya, daga baya kuma jaridu suka yi ta ruwaito durƙushewarsa. Zolaya dai ba lissafi ba ce, kuma abin da mai son shiga noman rumfa a jihar yake buƙata shi ne alƙaluma: nawa ake kashewa a kan kilo guda kafin ya bar gona, kashi nawa yake lalacewa a hanya, wane kanti ya saya kuma bayan kwana nawa ya biya. Wannan ilimi da kuɗin jama'a aka saye shi, saboda haka na jama'a ne.

Kamfanin tumatir na Lau da na katako na Baissa a Ƙaramar Hukumar Kurmi sun riga waɗannan kwantawa, kuma mafi yawan matasan da ake horarwa yau sunayensu kawai suka sani.

Akwai misali guda a jihar da ya nuna yadda abin yake idan aka bi diddigin sababi. Masana'antar shayi ta Kakara da ke kan tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna, mai yin Highland Tea, ta shafe shekaru tana tangal-tangal duk da cewa sanyin wurin da ruwan samansa sun dace da ganyen shayi, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye ribarta shi ne kuɗin makamashi, domin sarrafa ganyen yana buƙatar wuta mai yawa, man dizal kuwa sai an hau da shi tsauni daga nesa. Da aka gane inda jinin yake zuba, sai aka kafa ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin kilowat 400 a madatsar ruwa ta Tunga, da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da UNIDO mai kula da raya masana'antu, masana'antar kuma ta sami sauƙin numfashi. Ba a ce duk matsalolinta sun ƙare ba, amma bambancin da ke tsakaninta da Gassol a bayyane yake: a nan an sa wa cutar suna, an kuma nemi maganin da bai fi ƙarfin majinyacin ba.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai tsira daga zargin rashin bin diddigin sababi ba don kawai gwamnati ta fi shi laifi. Idan shago ya mutu a Jalingo, bayanin da aka fi ji shi ne kasuwa ce ta juya baya, ko hassada ce, ko an yi wa mai shagon sammu, ko kuma a taƙaice a ce haka Allah Ya ƙaddara. Imani da ƙaddara gaskiya ne ga Musulmi da Kirista baki ɗaya, amma babu malamin kirki ko limamin coci da ya taɓa cewa imanin yana hana binciken sababi, kuma sau da yawa abin da ake rufewa da wannan kalma mai girma abu ne ƙarami da biro da littafin naira ɗari biyu za su iya tonawa. Aljihun shago da aljihun cefane sukan zama ɗaya, ta yadda kuɗin suna da biki da asibiti suke fita daga uwar kuɗi ba tare da an rubuta ba. Bashin da aka ba 'yan'uwa da ma'aikatan da ke jiran albashi yakan taru har ya fi kayan da ke kan kanta yawa, kuma a garin da kasuwarsa take rawa da kiɗan albashin gwamnati, jinkirin wata guda yana isa ya tsayar da ciniki cak. Kunya kuma tana ƙarasa abin da ya rage, domin wanda ya karye yakan ɓoye, wani ma ya bar gari, sai maƙwabcinsa ya kama shagon ya zuba irin kayan, ya bi sawunsa zuwa ramin da ba a gaya masa yana nan ba.

Kwaikwayo ma wani ciwo ne da ake ɗauka gwaji ne. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, masu sana'ar cirar kuɗi da na'urar POS sun sami ribar da ba su taɓa gani ba, sai rumfunan suka yawaita a kowace kwana har ribar ta zama ba ta biyan kuɗin haya. Masu ajiyar hatsi sun ga yadda farashin masara da shinkafa ya yi ta hawa bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai mutane da yawa, har da ma'aikatan da ba su taɓa riƙe tiya ba, suka kwashi jarinsu kaf, wasu har da na bashi, suka saye buhuna a kasuwannin Mutum Biyu da Garba Chede suka kulle, alhali a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150. Da farashi ya sauko a 2025, wanda ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa ya yi faɗuwa, wanda ya ajiye duka ya karye. Kafin wannan an ga irin haka a cinikin itacen madobiya, wanda aka fi sani da Madrid a dazuzzukan Bali da Gashaka, da ake sarewa ana kai wa ƙasar Sin, har yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi, wato CITES, ta sa shi cikin jerin masu buƙatar kariya a 2017, aka kuma dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018. Kuɗi sun shigo kamar ruwa, sun fita kamar ruwa, dajin kuma bai dawo ba.

Tarihin kasuwancin Arewa yana da misalin gwaji na gaskiya. Turawan mulkin mallaka, ta hannun ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a Manchesta a 1902, sun sa ran cewa da zarar jirgin ƙasa ya isa Kano, abin da ya faru a 1911, auduga za ta riƙa kwarara zuwa masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka auna farashi da wahalar noma, suka ga masaƙan gida suna sayen audugar da daraja fiye da Bature, gyaɗa kuma ko ba ta sayu ba ana iya cin ta, sai suka karkata ga gyaɗa tun daga kakar 1912, tsarin da aka zana a Ingila ya sha ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya shiga sayen gyaɗa ne bayan ya ƙware a fataucin goro, bai kuma jefar da tsohuwar hanya ba kafin sabuwar ta tabbata. Ko a zamanin nan, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa ta Jihar Kano a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ya tsaya ba da jimawa ba saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon da kuma saɓani da manoma a kan farashi, kamar yadda harkar masaƙa ma ba ta karɓi Dangote ba. Abin da ya sa waɗannan ba su zama karaya ba shi ne kowannensu ƙaramin yanki ne na dukiya mai faɗi. Mai jarin naira dubu ɗari biyar ba shi da wannan faɗin, saboda haka dole nasa gwajin ya zama na dubu ashirin ko talatin.

Manomin doya a Zing ya san wannan ba tare da an horar da shi ba, domin idan aka kawo masa sabon iri ba ya cika gonarsa da shi, sai ya ba shi 'yan kunyoyi a gefe, a ƙasa ɗaya da tsohon iri, ya jira kaka ta yi hukunci. Ɗan kasuwar da zai yi koyi da shi zai canza abu guda ne a lokaci guda, domin wanda ya canza kaya da farashi da wurin zama a wata ɗaya ba zai san wanne ya taimake shi ko ya cuce shi ba. Zai kuma yanke wa kansa adadin kuɗi da ranar tsayawa tun kafin ya fara, saboda bayan an zuba kuɗi zuciya takan ƙi yarda, mutum ya yi ta ƙara jari a kan abin da ya riga ya mutu don gudun a ce ya faɗi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wani ɓangare na wannan, tunda ta halatta wa mutum guda ya yi rajistar kamfani mai taƙaitaccen alhaki, ta kuma tanadi hanyoyin sasantawa da masu bin bashi kafin a kai ga rushe kamfani, sai dai kariyar ba ta aiki ga wanda bai raba asusun kamfani da na gidansa ba.

Sauran aikin yana wuyan hukumomi. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, tana da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara, kuma zai fi amfani a tura su su zauna da masu gidajen burodi da gonakin kaji da injinan casar shinkafar da suka rufe, a rubuta abin da ya faru da alƙaluma, a sakaya sunayen masu su, a ajiye inda ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya karantawa. Majalisar Dokokin Jiha kuwa tana da ikon neman cikakken bayanin kuɗin da aka kashe da wanda aka samu a gonar rumfa ta Jalingo, da takardun yarjejeniyar Gassol, da dalilin rufe Lau da Baissa. Ya kamata ta nema, ta kuma buga su a fili, kafin gwamnati ta sake sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniyar gona ko masana'anta.